Telan Da Yake Buɗa Wa Matarsa Riga

Idan ka bi layin da ke bayan tashar mota, ka wuce mai gyaran waya, za ka ga wani shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, an rataye riguna a ƙusoshi har sun rufe agogon bango. Nan Tela yake. Kowa Tela yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa idan suna jin tsokana. Siririn mutum ne mai ɗan doro, irin na wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keke, kuma maganarsa ba ta da yawa. Tun yana yaro aka kai shi koyon ɗinki wajen wani ubangida mai saurin hannu, mari kafin bayani. Abu ɗaya ya ɗauko a can da bai taɓa yarwa ba: duk rigar da zai ɗinka sai ya bar mata rarar yadi a ciki, ya lanƙwasa, ya danne da guga, saboda ranar da mai rigar zai ƙara jiki.

Lokacin da ya auri matarsa, siririya ce sosai, har yake ce mata Allura, sunan kuma ya bi ta. A wancan zamanin ƙafarta ba ta hutawa. Kasuwa a ƙafa, makarantar yara a ƙafa, da yamma kuma ita da matan layi su zaga filin bayan firamare suna hira, yara na buga ƙwallo. To filin nan an wayi gari an yanka shi an gina shaguna. Titi kuma aka faɗaɗa shi har ya cinye gefen da masu ƙafa suke bi, wai ci gaba ne, sai ya zama in za ka sayo gishiri ma sai ka hau babur ko ka yi kokawa da motoci. Da kuɗin makaranta ya yi nauyi, Allura ta fasa tagar ɗakin waje ta buɗe ɗan shagon kayan masarufi. Wani kamfanin lemo ya kawo mata firji kyauta, da sharaɗin kada a sa komai a ciki sai lemonsu, ko ruwa ba su yarda ba. Daga safe har yamma tana kan kujera ɗaya, biskit a dama, firji a hagu. To don Allah, in rana ta take, mutum ya miƙa hannu neman abu mai sanyi, me zai kamo?

Kada a ɗauka sakarya ce. Ta san ta ciko, kuma tana tsoro, domin ciwon suga ne ya kwantar da mahaifiyarta har aka yanke mata ƙafa. Gidan babu sikeli, madubin ɗaki kuma fuska kaɗai yake nunawa, don haka ta kafa wa kanta doka da wata shuɗiyar doguwar riga mai furanni da Tela ya ɗinka mata. Ta faɗa a gabansa, ta faɗa a gaban yara: “Ran da rigar nan ta ƙi shiga ta, ran nan na bar lemo da biskit. Ko kallonsu ba zan ƙara yi ba.” Kuma mace ce mai cika magana, wannan kowa ya shaida.

Ranar ta zo, bayan haihuwar auta. Za a je taron yaye ɗalibai a makarantar babbar 'yarsu, Allura ta zura rigar, zif ya hau ya tsaya cak a tsakiyar baya. Yayar Tela tana gidan, mace mai baki kamar reza, ta tafa hannu ta ce, “Kai, ƙanina, allurarka dai ta koma taɓarya!” Aka yi dariya, har da Allura. Amma da Tela ya shiga ɗaki neman hularsa, sai ya same ta zaune a bakin gado, rigar a cinya, hawaye na ɗiga a kan furannin. Bai taɓa iya jure kukanta ba. Ya ce, “Haba Allura, zif ɗin ne ya mutu, tun tuni nake ganin haƙoransa sun karkace. Kawo.” Ya ruga shago, ya farke gefe da gefe, ya saki rarar nan, ya sa sabon zif don ƙaryar ta zauna. Da ta sake zurawa rigar ta shige sumul. Ta juya a tsakar ɗaki tana dariya, ta leƙa ta ce wa yayarsa, “Yaya, zo ki ga taɓarya!”

Da a nan ya tsaya, da ba wanda zai ga laifinsa sosai. Sai dai bai tsaya ba. Ya ƙwace gugar kayanta, ya ce dutsen gugar shago ya fi nauyi, ya fi kwantar da yadi. Matan layi har misali suke yi da shi, suna gorin mazajensu, wai ku dubi Tela, shi yake goge wa matarsa kaya. Shi kuwa idonsa yana kanta. Da ya ga tana jan riga a hammata, ko tana shan numfashi kafin ta zauna, rigar za ta tafi guga ta dawo da ƙarin inci. Da rara ta ƙare, sai ya koma ga ragowar yadin da yake ɓoyewa a ƙasan tebur, ya tsaga ƙyalle ya dasa a gefe, fure ya haɗu da fure, ganye da ganye, ko tela ɗan'uwansa sai ya sa tabarau zai gane. Shuɗiyar nan kam, in gaskiya za a bi, wuya da hannaye ne kawai suka rage yadda aka fara ɗinka su. Abin da ya fi damunsa idan ya tuna shi ne, har daɗi yake ji in aikin ya fita da kyau.

Ya sha cewa wannan ne na ƙarshe. Amma gida yana zaman lafiya, tana dariya, shagonta yana kawo abin cefane, kuma kowace shekara maganar ƙara nauyi take yi a bakinsa. Ita kuma duk bayan ɗan lokaci za ta ciro shuɗiyar ta gwada, ta ce, “Alhamdu lillahi, har yanzu da saura,” ta buɗe firji.

Sai gwiwarta ta fara ciwo. Sai ƙishirwa mara ƙarewa, sai haki daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Wata rana jiri ya ɗebe ta tana miƙa wa wani yaro canji, ta zube tsakanin katan-katan. A asibiti aka ɗora ta a sikeli, aka ɗebi jini, aka ce suga ne, ga hawan jini ya biyo baya. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta tambaye ta, “Wannan nauyin, a 'yan shekarun nan ya ƙaru, ko dama haka kike?”

“Dama haka nake, likita,” in ji Allura da zuciya ɗaya. “Na ɗan ciko bayan haihuwa, shi ke nan. Kayana na tun da can har yau su nake sawa. Ga maigidana nan, tela ne, shi yake ɗinka min. Tambaye shi.”

Likita ta juyo ta dube shi. Tela ya dubi takalminsa, ya ce, “Haka ne.” Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. A da hannunsa ne kawai yake ƙaryar, yau ga bakinsa ya shiga.

Likita ta rubuta magani, ta ce dole a rage nauyi, a bar kayan zaƙi, a riƙa tafiya a ƙafa. Allura ta karɓi magani tana sha a kan kari, amma sauran bayanin a ƙofar asibiti ta bar shi. “Gado ne daga Inna, ba ƙiba ba ce,” ta ce masa a gida. “Sikelinsu kowa hawa yake, ya gaji. Ni rigata ba ta taɓa yi min ƙarya ba.” Ta rage lemon daga uku zuwa biyu, don dai a ce ta bi maganar likita. Bayan kwana kaɗan ta miƙo masa kayan guga, shuɗiyar a sama. Ya ga inda zare ya fara buɗe baki a ƙugu. Rigar ta sake matsewa, kuma Allura ba ta lura ba tukuna.

A shagon Tela akwai benci, bencin kuma yana da masu shi: wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, da mai askin da ke maƙwabtaka, wanda in ba kai a gabansa to yana nan. Ran nan rediyo ta ce gwamnati na shawarar ƙara haraji a kan lemon kwalba saboda ƙiba ta yi yawa, sai gardama ta tashi.

“Yanzu suka farka?” in ji Hedimasta. “Su suka sayar da filin yara, su suka yi titi ba wurin taka ƙafa. Lemo ya fi madara araha, biskit ya fi ayaba araha, talla har a bangon makaranta. Ka kewaye mutum da zaƙi, ka hana shi wurin motsi, sannan ka ce laifinsa ne?”

Mai aski ya ce, “Ranka ya daɗe, bar wannan. Gwamnati ce take buɗe maka baki ta zuba? Ni ma layin nan nake, ga ni kamar sanda. Kowa ya san lokacin da wandonsa ya fara matse shi. In ya ga dama ya daina, in ya ga dama ya ci gaba.”

“Kai ai tsutsar ciki ce da kai, ba tarbiyya ba,” in ji Hedimasta. Ya juya ga Tela. “Kai kake auna unguwar nan kaf. Faɗa masa gaskiya.”

Tela ya ce shi dai abin da ya sani, kayan makarantar da a da yake yanka wa 'yan babban aji, yanzu 'yan ƙaramin aji yake yanka wa, kuma ba tsawo suka ƙara ba. Hedimasta ya buga cinya ya ce ka ji ko, duk yaran nan ne suka haɗa baki suka lalace rana ɗaya? Mai aski ya ce iyayensu fa, ina suke? Suka ci gaba, kowa da guntuwar gaskiyarsa. Amma maganar wandon nan ta tsaya wa Tela a rai. Matarsa ta yi niyyar dainawa, ta ma ajiye abin da zai gaya mata lokaci ya yi. Ba gwamnati ce ta hana ta ji ba, ba kuma ita ta toshe kunnenta ba. Shuɗiyar rigar tana kan teburinsa, reza na hannunsa, ga ɗan ragowar shuɗin yadi da zai isa sau ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ajiye rezar, ya juya rigar ciki ya koma waje, ya naɗe ta, ya ce wa masu benci su kula masa da shago.

Ya same ta a kan kujerarta, da kwalba a buɗe kusa da ita. Ya shimfiɗa rigar a kan katan ɗin sabulu. Daga ciki babu abin da ya ɓuya: layin tsohon ɗinki, da wani a bayansa, da wani, huda-hudar allura jere, ga ƙyallayen da aka dasa, wasu sun koɗe wasu sababbi. Allura ta bi su da yatsa a hankali. Matar tela ce, ba ta buƙatar fassara.

“Da hannunka?” ta ce.

“Da hannuna.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar taron makaranta. Zif ɗin lafiyarsa lau.”

Wata yarinya ta zo sayen ashana, ta gaji da sallama ta tafi. Sannan Allura ta ce, “Kullum ina roƙon Allah kada in bi hanyar Inna, ya nuna min in na kusa. Ashe yana nuna min, kai kana kwashewa kana kaiwa guga. Har a gaban likita ka bar ni na zama maƙaryaciya.”

“Ba na son ganin kukanki ne, Allura. Wallahi shi ke nan.”

“Kukan yini ɗaya ka hana ni, Baban yara. Da ka bar ni na yi abina na share hawayena.”

Ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ta ci gaba da gaishe shi da safe, tana zuba masa abinci. Ta aika wa kamfani su zo su ɗauki firjinsu, ko da ciniki zai ragu. Kayanta kuma ta koma gogewa da kanta, da ɗan ƙaramin dutsen gida, a tsaye, tana hutawa tsakanin riga da riga.

Wata safiya mai aski ya leƙo ya ce, “Tela, ga uwar ɗakinka nan tafe, kuma a ƙafa! Da sabon yadi ma, yau ka samu aiki.” Tela ya fito bakin ƙofa. Ga ta can tana bin gefen titi, tana raɓe wa motoci, yadi a leda a hammata, gumi ya jiƙa mata wuya. Da ta iso ta ce, “Sannunku da aiki,” ta gaida Hedimasta da ladabi, ta wuce. Akwai wata mata mai ɗinki a can ƙarshen layi, bayan gada, can ta nufa.

Mai aski ya buɗe baki zai yi magana, Hedimasta ya taka masa ƙafa. A wajen turken lantarki Allura ta tsaya, ta dafa shi, tana haki, gwiwar nan tana rawa. Ga gada da sauran nisa. Wani mai babur ya taho ba fasinja, Tela ya ɗaga hannu zai tsayar mata da shi, har mutumin ya rage gudu. Sai ya sauke hannun, ya girgiza masa kai. Ya tsaya nan a bakin ƙofa yana kallo har ta saki turken ta ci gaba da tafiya.