Rigimar Daddawa Ta Kai Ni Gwaram

Birnin Kudu, biyar da rabi na asuba

Ana sallame salla na saɓa jaka na nufi tasha. Ni ma'aikacin laburare ne a nan garin, kuma bara aka koya mana wiki, wato shafin intanet da kowa ke iya rubutu a kai, kowa kuma ke iya gyara na wani. Da zumuɗi na rubuta yadda ake daddawa, na ce awa biyu ake dafa kalwa. Sai wani mai laƙabin Gaskiya-Ɗaci ya sa ni gaba: ya goge, in mayar, ya goge, har sau huɗu. Masu kula da wikin suka kulle shafin, suka ce in ba mu daidaita kafin Juma'a ba za su share shi ɗungurungum. Shafina na farko a duniya fa! Da na aika masa saƙo, abin da ya ce kawai, "Ka zo ɗakin karatun Gwaram ranar Laraba."

A hanya

Motar ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Direba ya ga ƙaton littafin Turancin da na rungume, wanda daga ciki na kwaso bayanina.

"Malam, kotu za ka?"

"Kusan haka," na ce. "Yau wani zai sha kunya."

Shinge ɗaya muka tarar, 'yan sanda suka leƙa suka ce a sauka lafiya. Kilomita hamsin da ɗoriya, ina ta bitar maganganun da zan yaɓa masa.

Gwaram, takwas da minti goma

Na sha shayi da burodi a tsaye, na bi kwatancen da mai shayin ya yi mini. Ɗakin karatun shago guda ne: kanta biyu, kwamfuta ɗaya, da wata dattijuwa mai tabarau tana jera littattafai.

"Ina kwana, Hajiya. Gaskiya-Ɗaci nake nema."

"Ka same ta. Kai ne mai dafa kalwa awa biyu?"

Wallahi sai da littafin ya kusa suɓuce mini. Hajiya Dije ke nan, tsohuwar malamar firamare, ita ke riƙe da wurin tun da ta yi ritaya. Na fara buɗe littafin in nuna mata, ta ce in ajiye, in biyo ta gida.

A tsakar gida tukwane biyu ne kan murhu. Ta ɗebo kalwa daga ƙaramar ta zuba mini a tafi. "Wannan taka ce, ɗana, awa biyu cif na dafa maka. Murza." Na murza har yatsuna suka yi zafi, ɓawon ko gezau. Ta ɗebo daga babbar, wadda ke kan wuta tun jiya. Ina taɓawa ɓawon ya saluɓe. Kai! Na fashe da dariya, kunya da murna suka haɗe mini.

Muka koma kan kwamfuta, muka shiga shirya sabon bayani a gefe tunda shafin a kulle yake. Ita tana bugawa da yatsa ɗaya, ni ina saka hotunan da na ɗauka: surfe da toka, wanki, dahuwa ta biyu, rufewa da ganye har kwana uku. "Ai gayya ce," ta ce, "kowa da fartanyarsa." Muka aika wa masu kula da saƙo ɗaya da sunayenmu biyu. Ina cikin tuwon dawa da miyar kuka aka buɗe shafin, na miƙe da loma a hannu ina kabbara.

Gida, bayan magariba

Na iso lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Hajiya Dije, da direban da ya dawo da ni bai tambayi yadda shari'a ta ƙare ba.

Ban ko cire takalmi ba na shiga ba mahaifiyata labari, har da kwatanta mata yadda ake surfe. Inna ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Gwaram ka je? Daddawar da na sayar na kai ka makaranta, a bayan ɗakinka nake dafa ta. Ka taɓa leƙowa ka tambaye ni?"