Ɗiyar fari ba ta shiga kaye ba

Sana'ata awon gujiya da wake, kuma tun ina saurayi na gane cewa tiya takan cika a ido alhali gindinta a lotse yake. Ban taɓa zaton aikin likita ma haka yake ba, sai shekarar da masu rigakafi suka zo Madarunfa da allurarsu mai kama da bindiga. Agana suke yi wa da dussa, wadda mutanen Katsina ke kira ƙyanda. Ta agana tana barin tabo a dantse, ta dussa ba ta barin komai.

Bayan sun tafi da kwanaki, sai ga wani lokotoro, wato likita, siriri a kan ɗan babur mobilet, da kaye, littafin rubuta sunaye, a hammata, yana bi gida gida don ya san yara nawa allurar ta samu, nawa ta tsallake. Mai gari ya ce masa ba a bar ko ɗaya ba. Ya yi godiya, ya ci gaba da bin gidaje.

Da ya zo namu, ya tambayi matata, wadda ke da tsohon ciki, ko tana da ƙaramin yaro. Ta sunkuyar da kai ta ce babu. Ni ma ban gyara mata ba. Muna da ɗiya, an kai ta yaye wurin tsohuwata a Safo, amma wa zai buɗe baki ya ambaci ɗiyar fari gaban baƙo?

Har ya rufe kaye, sai idonsa ya faɗa kan wata 'yar jigida da ke rataye a darni.

"Maigida, wannan taka ce? Kai ka yi ƙugu siriri!"

Na yi dariya. "Lokotoro, ta wata yarinya ce."

"Wata yarinya. Ita wata yarinyar, tana ina ranar allura?"

Nan na faɗa masa gaskiya. Ranar da aka yi Madarunfa tana Safo. Ranar da aka yi Safo kuwa, tsohuwata ta tafi da ita wurin suna a garin Sarkin Yamma.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna kan turmi ya ce, "Ashe tambayata ce ba ta da kyau." Daga ranar ya daina tambayar iyaye mata 'ya'yansu. Sai ya nemi tsofaffi ya ce, "Inna, jikan wa ke kwana a ɗakinki?" Kaka kuwa ba ta kunyar jika, har da kirari take lissafa su. Gidajen da ya riga ya gama duk ya sake bin su, cikin ranar bazara, shafin da ya cika ya soke shi da hannunsa.

Ya gano yara da yawa da allurar ta tsallake, shi ya sa motar allura ta dawo. Ni na ɗauko yarinyar daga Safo a amalanken jaki, na riƙe mata hannu, ta tsala ihu. Da dussa ta shiga unguwar tsohuwata bayan kaka, yarinyar tana tsakar gida tana wasan ƙasa, ko zazzaɓi ba ta yi ba.

Har yau ban kiran sunanta. Amma in an tambaye ni 'ya'yana, da ita nake farawa.