Kayen Yaya Mamman da karnukansa

Shekara shida ke nan da rasuwar wana, Yaya Mamman, kuma har yau kayen da ya bar mini, wato littafin da yake rubutu a ciki, yana hana ni sukuni.

Ɗan sanda ne, mai riƙon karnukan da ke shinshinar kaya a bakin hanya. Da ya ajiye aiki a Madawa, sai ya kafa 'yar ƙungiya don ciyar da karnukan da suka tsufa a bakin aiki. Mun yi masa dariya har muka gaji. Shi kuwa bayan kowace kaka sai ya hau babur, ya zaga Galma da Urno da Ibohamane, ya dawo da tiyoyin gero da 'yan jikkunan kuɗin allura.

A ƙasarmu mutum yana jin kunyar a ce ya yi wa kare kyauta. Saboda haka duk wanda ya bayar, Yaya sai ya rubuta "wani bawan Allah". Shafi bayan shafi, babu suna ko ɗaya. Da ya rasu, sunayen suka bi shi kabari.

Yau saura kare ɗaya, Duna, ya makance, asusu kuma babu ko dala. Ina jin haushin Yaya, ban ɓoye ba. Ka rufa wa mutane asiri, ni ka bar ni ina yawo ban san ƙofar da zan yi sallama ba. Da zai ga Duna haƙarƙari waje, me zai ce mini?

Watan jiya na je Urno wurin wani dattijo da suka saba da Yaya. Ko gama bayani ban yi ba ya tsuke fuska.

"Ni in ba kare hatsina? Wa ya hwaɗa maka wagga magana? Tashi, yaro."

Na dawo da kunya. Ranar kasuwa sai ga direba ya sauke buhun gero a ƙofata, ya ce an hana shi faɗin mai shi. Motar daga Urno take.

Buhu ɗaya ba zai kai mu kaka ba, na sani, kuma ban san ko wani zai biyo baya ba. Na buɗe kayen, na daɗe riƙe da alƙalami, don na san sunan sarai. A ƙarƙashin layin Yaya na ƙarshe na rubuta: wani bawan Allah.