Man Gyaɗa a Keken Gwaggo

Jiya na ji keken ɗinkin maƙwabta yana kuka, sai Gwaggo ta faɗo mini a rai, ƙanwar ubana da ta riƙe ni a Saulawa lokacin da Turawa suka tafi.

Kekenta na hannu ne, baƙi wuluk. Duk Juma'a takan tsoma gashin kaza a kwalbar man keke da ake sayo mata daga Makarfi, ta bi ramukansa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce bayan kaka za ta koya mini ɗinki. Ba abin da nake so a duniya kamar wannan.

Ran nan ta tafi bikin suna a garin Furana. Keke ya kwana biyu yana ƙara, kwalba kuma ta ƙare. Don in faranta mata, na ɗebo man gyaɗa na ɗura masa. Kafin mako ya yi danƙo, ya cije, kiyashi suka yi masa layi.

Ba ta doke ni ba. Ta wanke shi da kananzir, ta kama tafina ta juya, ta ce, "'Yar nan, wannan hannun na taɓarya ne. Koma turmi."

Haka ta yi ta koya wa 'ya'yan maƙwabta ɗinki, ni ina daka a ƙofar ɗakin, ina jin dariyarsu. Har aka yi mini aure ban zura zare a allurarsa ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo. Na ce na yafe. Allah Ya sa ranar da za a tambaye ni, bakina da zuciyata su faɗi abu guda.