Ɗakin da Ake Jira Mutum Ya Gaji

A shekarun da na yi ina tuƙi a wani kamfanin Japan mai gyaran asansir, wato na'urar hawa bene, a dogayen otal-otal na kusa da Harami, mutum ɗaya nake ɗauka kullum. Injiniya ne ɗan Japan wanda ya musulunta tun yana ɗalibi, kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya da Larabci. Da yake wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, shi kaɗai kamfanin yake da shi da zai tsaya a kan aikin. Manyansa suna Jidda. Matarsa da 'yarsa suna can ƙasarsu, shi kuwa yana haya a unguwar Kudai, ba nisa da inda nake. Ni ne direbansa, ni ne kuma tafintansa tsakanin Larabci da Turanci.

Wata shekara bayan Hajji matarsa ta kwanta ciwo, ya nemi a mayar da shi gida. Sau ɗaya ya nema, cikin ladabi, amma a mota ya ce mini yana jin ya jefa aikinsa cikin haɗari. Na tambaye shi ina laifin mutum don ya nemi zuwa wurin iyalinsa. Ya ce a ƙasarsu doka ta sa korar ma'aikacin dindindin ta yi wuya ƙwarai, kotu tana iya mayar da shi bakin aiki. A madadin haka kamfani yana da ikon tura mutum duk inda ya ga dama, kuma "to" kawai ake jiran ji daga bakinsa. Wanda ya ce a dawo da shi ya nuna akwai abin da ya fi kamfani daraja a ransa, kuma ba a mantawa.

Amsa ba ta zo ba. Sai aka turo samari biyu injiniyoyi daga Indonesiya, Musulmi, wai su taimaka masa. Ya riƙa hawa da su ɗakin inji na saman kowane otal yana nuna musu komai, har ƙarar da igiya take yi idan ta fara cinyewa. Rannan na kasa haƙuri.

"Muhandis, ka rage wani abu a hannunka mana. In suka iya duka, kai kuma fa?"

Ya ce tsofaffi ne ke shiga na'urorin nan zuwa salla, ba zai ɓoye abin da ya shafi ransu ba.

Daga nan wayarsa ta fara yin shiru. Taron da ake yi da shi ta bidiyo kowane mako sai ya ji labarinsa bayan an tashi, a bakin samarin. Ba wanda ya yi masa faɗa. Gaisuwar mutanen Jidda ma ta ƙara taushi, kuma na lura wannan ya fi damunsa.

Da babbansu na Jidda ya kira shi, a wani gidan abinci na hanyar Jidda suka haɗu, can bayan iyakar Harami, inda shi babban zai iya zuwa. Na zauna a mota ina hango su ta gilashi. Babban yana ta murmushi, shi da kansa ya zuba wa Muhandis shayi, da za su rabu kuma ya dafa kafaɗarsa. Na ce a raina magana ta yi kyau.

Mun wuce shingen 'yan sanda kafin ya yi magana. Ya ce an amince, zai koma gida. An yi masa sabon muƙami a wani sashe mai dogon suna, na tallafa wa ma'aikata su tsara makomarsu. Na fara yi masa barka, ya ɗaga hannu. Ya ce ya san sashen. Ɗaki ne mai tebura da kujeru, babu waya, babu aiki. Mutum zai zo da safe cikin kwat, ya zauna har yamma, abokan aikinsa na da su wuce shi a hanya kamar ba su gan shi ba. Albashi zai ragu amma ba zai tsaya ba. Ba za a kore shi ba, jira za a yi ya gaji ya ajiye aikin da kansa, don kada doka ta sami abin kamawa.

Mu a nan mun san kora. Kafil, wato uban gidan da ya tsaya maka, ya ƙi sabunta maka iƙama, takardarka ta zama, ka haɗa kayanka, ka san inda ka tsaya. Irin wannan kuwa ban taɓa jin ta ba. Na ambaci ƙungiyar ƙwadago, ya ce ta kamfanin ce, shugabanninta gobe su ne manajoji. Na ambaci kotu, ya ce yana iya yin nasara bayan shekaru, ya koma cikin mutanen da ya kai ƙara. 'Yan siyasarsu kuma, in ji shi, duk zaɓe sai sun yi alkawarin gyara yanayin aiki. Babban ya bar masa ƙofa ɗaya: in ya janye buƙatarsa, zai ci gaba da zama a Makka, ba a faɗi har yaushe ba.

Bai janye ba. Kafin ya tafi na kai shi kasuwa ya sayi dabino, ƙaramin kwali ga kowane mutum na ofishinsu na Japan, har da babban nan na Jidda. Ya ce haka ake yi, wanda ya daɗe ba ya nan ba ya komawa hannu biyu.

Bayan wasu watanni ya kira ni da hantsi, lokacin da su can ake tsakiyar aiki. Ya ce ya fito baranda ne. Matarsa ta sami sauƙi. Ya tambayi otal-otal ɗaya bayan ɗaya, da samarin, da zafin gari. Na ce kada in tsare shi daga aiki.

"Ci gaba, ya akhi, ina da lokaci."

Na tambaye shi ko ya ajiye aikin. Ya ce tukuna. Su bakwai ya tarar a ɗakin, yanzu saura shi da wani dattijo da ya daina amsa gaisuwa.