Makarar Wasa a Saman Mota

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, mu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, za mu wani ƙauye gaba da Shagari mu nuna wasa a kan amai da gudawa. Ni ke kula da tufafi: rawanin mai gari, farar rigar likita, gemun auduga. Labulen dandamali da lasifika suka cinye bayan bas. Saura makarar da muke ɗauka a fitowa ta ƙarshe, da gawar tsumma a naɗe cikin likkafani. Daraktanmu, sarkin gaggawa, ya ce a ɗaure su a saman mota yadda suke.

A Bodinga muka tsaya sayen ƙosai ta taga. Albasa ta yi tsadar da mai kwalliyarmu ta ce sai dai ta shinshina ta wuce. Mai ƙosan ta ƙi karɓar kuɗinmu, masu keke na kauce mana, dattawa na miƙewa tsaye in mun gifta. Jarumin wasan har da gyara hula, wai an gane shi. Mu kuma muka biye masa, sakarkaru.

Bayan Shagari muka saki kwalta muka shiga taɓo, gero ya rufe hanya hagu da dama. Bas ba ta gama tsayawa a bakin ƙauyen ba muka ji kururuwa. Wata tsohuwa ce ta sheƙo ba takalmi, ta zube gaban mota. Ashe ɗanta guda tilo aka kai asibiti Sakkwato da ciwon nan na amai da gudawa, a irin motarmu. Waya ba ta kamawa a garin, kullum a bakin hanya take wuni tana jiran labari. Kafin mu farga maza sun kewaye mu da salati, wasu sun tafi ɗauko kayan haƙa kabari.

Darakta ya hau sama, ya kwance likkafanin, tsumma ya zubo. Ba wanda ya yi dariya. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ki gafarce mu, kayan wasa ne."

Ta dube ni ta ce, "Wasa? Kun sa na yi kukanai tun shina da rai. To ku da kunka hito birni, wa ya ganai?"

Mai garin ƙauyen ya ce yau ba wasa, ba mu yi musu ba.

Mun iso gida da la'asar. Na koyi cewa kayanmu a kan dandamali kaɗai suke na wasa. Da sun fito titi, mutane da gaske suke ganinsu. Abin da ke cin raina shi ne, cikin ruɗewa ko sunan ɗan nata ba mu tambaya ba, balle mu neme shi a asibiti. Har yau ban san ko ya tashi ba.