Gammon Tankin Jirgi

Maƙwabcina a Hammadu Kafi yana da wani ɗan ƙaramin janareta, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Kowa a layinmu tsine wa hayaƙinsa yake yi, ni kuwa da ya tayar da shi sai in kama kaina ina murmushi. Kada ka ga laifina, mai karatu. Warin nan shi ne warin zauren gidanmu na Tudun Wada a shekarar da nake aji huɗu na firamare, shekarar da saura ƙiris a raba ni da Bappa.

Bappa ƙanen babana ne, autan Dada kakarmu. Ya gama makarantar koyon sana'a, ya ƙi ɗinki, ya ƙi tuƙi, ya ce shi jirgin sama zai ƙera. Ba irin wanda mutum ke shiga ba. Ɗan ƙarami ne, fukafukansa tsawon tabarmar salla, daga ƙasa ake tuƙa shi da wata na'ura mai eriya da wani malaminsa ɗan Kaltungo ya ba shi. Jikin na falanki ne marar nauyi, injin kuwa daga injin feshin gona ya ciro shi. 'Yan unguwa suka sa masa suna Direban Sama, ba kuma don yabo ba. Ni dai na liƙe masa kamar kaska, don shi kaɗai ne a gidan bai taɓa ce mini in matsa ba, wai ba aikin mata ba ne.

Abin da ya hana jirgin nan zama lafiya a sama bai fi tafin hannu ba, wato tankin mai. Wata 'yar robar man shafawa ce Bappa ya huda murfinta ya zura tiyo. Mazauninta can cikin hancin jirgin, bayan inji, inda hannun babba ba ya shiga sai nawa. Karon farko cusa ta kawai muka yi. Jirgin na ɗaga kai ta zame ta koma baya, nauyi ya rinjayi wutsiya, ya yi ta tangaɗi har ya faɗa gonar waken wani tsoho da ya bi mu da fartanya. Karo na biyu Bappa ya sa na ɗaure ta tamau da waya a jikin katakon da ke riƙe da inji. Jirgi ya tashi lafiya, ya yi kewaye ɗaya, sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu. A cikin kwari muka tsinto shi, fiffike ɗaya a karye.

Ranar babana bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Na yi magana da abokina a Kano, yana neman mai zaman shagon yadi. Ka ƙara gwadawa sau ɗaya. In ya faɗo, ka hau mota."

Ƙarshen damina ne, an fara shanya gyaɗa a ƙofar gidaje. Bappa ya gyara fiffike, ya ɗaure jirgin a jikin turmi ya tayar da injin, muka leƙa. Man da ke cikin robar ya yi fari fat da kumfa saboda karkarwar inji. Kumfar nan ce inji ke zuƙa ya shaƙe. In an saki robar ta gudu, in an ɗaure ta ta yi kumfa. Bappa ya zauna dirshan a ƙasa ya yi tagumi, ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, don na ga ya fara sarewa.

Na ƙi cin abincin rana, na shige ɗakin Dada na haɗa kai da gwiwa. Dada ba ta son jirgin nan ko kaɗan, zakaran katako take ce masa. A ruga ta tashi, ta yi shekaru tana ɗauko ƙwaryar nono a ka tun daga daji har kasuwar Gombe, a ƙafa.

"Ke sarkin iyayi, wa ya mutu?" in ji ta.

Na kwashe labari na ba ta, ina ja da majina. Ta saurara, sai ta kwashe da dariya har da buga cinya.

"Kun ɗaure gora a jikin abin da ke rawa, kuna mamakin kumfa? Ai kaɗa nono kuke yi. Ku ƙara haƙuri kaɗan, man shanu zai fito."

Ta miƙe, ta nufi zaure, inda rabonta da tsayawa tun da aka fara harkar jirgi. Da ma kafin ta fito ta yago soso daga gefen katifarta, ta naɗe shi da tsumman wani tsohon majanyi, ta murɗa ta yi ɗan gammo, irin wanda take aza ƙwarya a kai, sai dai wannan bai fi awarwaro ba. Ta ce wa Bappa, "Ka taɓa ganin an aza ƙwarya a kan ƙashin kai? Ni ina tafiya ina girgiza, nonon yana zaune abinsa." Ta sa aka kwance wayar, aka yanko robar cikin tayar keke. Ni na zura hannu na zaunar da tankin a kan gammo, na toshe gefe da gefe da soso, na jawo robar tayar zan ɗaure, tana tsaye a kaina tana cewa, "Ɗaurin goyo za ki yi, ba ɗaurin itace ba. Kar ya zame, kar kuma ya matsu."

Da safiyar Asabar muka tafi wani fili a bayan gari. Babana ya biyo mu a kan babur, ya tsaya can nesa, hannuwa a baya. Jirgi ya ruga, ya ɗaga. Ya yi kewaye ɗaya, ina ta jiran tarin nan. Bai yi ba. Ya yi na biyu, ya yi na biyar, wani makiyayi ya bar shanunsa ya zo yana kallon sama baki buɗe. Sai na ji murya a bayanmu tana cewa, "Kai, sauko da shi a hankali mana, kar ka ɓata shi!" Babana ne, hularsa a hannu.

A hanyar komawa ba wanda ya ambaci Kano. Muna isa ƙofar gida babana ya ce wa Bappa, "Zauren nan dai ba mai amfani da shi. Ka sa benci, ka riƙa gyara wa mutane rediyo." Dada kuwa abu ɗaya ta tambaya, ko ya yi kumfa. Na ce a'a. Ta ce to, in zo in ci abincina.

Yau jiragen da ke shawagi a kan gidajen biki suna ɗaukar hoto duk da batir suke tashi, ba tanki ba tiyo. Dada ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Bappa ya yi furfura a zauren nan, masu hoto daga Kumbiya-Kumbiya har Bauchi suna kawo masa nasu in sun faɗo, kuma duk Asabar 'yata tana can tana ƙona yatsu da dalma. Babana ya tsufa, a kan bencin yake wuni. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ƙanensa da sanda ya ce, "Ni na hana shi tafiya Kano." Bappa yakan ɗago ya dube ni, ya ce, "Haka aka yi, Yaya."